Ina Tsohon Zango Yake? Gurbin Tarihi da Shaidarsa

A shekarar 1977 hukumomin Togo suka rushe tsohon Zangon Lome da ke tsakiyar birni, suka ba mutanensa fili kimanin kilomita 15 a arewa, wajen Agoè, inda Zango yake har yau. Ba wannan ne karo na farko da aka tashi Zango ba, domin tun zamanin Turawa birnin yake ture shi gaba duk lokacin da ya faɗaɗa, amma tashin 1977 shi ne wanda ya fi zama a zukatan mutane. Ba kowa ne ya bi ayari zuwa sabon wurin ba. Fatake da dillalai waɗanda abincinsu ke rataye da kusancin kasuwa sun bazu cikin unguwannin gari, a gurbin lungunan da suka bari kuma manyan gine-ginen bankuna da ofisoshi suka tashi. Wani masani Bafaranshe, Michel Agier, ya zauna da mutanen Zango a waɗancan shekarun, ya fitar da littafi a kan fataucinsu da zamantakewarsu a 1983. Yau akwai Hausawa a Hédzranawoé, unguwar da babbar kasuwar gwanjo ta sa ta yi suna har a maƙwabtan ƙasashe, kuma yaron da aka haifa a can bana jika ne ko tattaɓa kunne ga waɗanda suka san tsohon Zango da ƙafarsu. Wanda yake ɗan shekara ashirin a 1977 yanzu yana bakin saba'in. Nan da 'yan shekaru, idan wannan yaro ya tambayi inda masallacin kakanninsa yake, ko zauren Sarkin Zango, ko inda ake sauke goro, za a nuna masa wani wuri da yatsa. Abin tambaya shi ne me zai sa ya yarda cewa nan ɗin ne.

Amsar da nake karewa ita ce, ingancin wurin tarihi ba ya rataya da tsufan tubalinsa kawai. Abubuwa biyu ne suka fi tubali nauyi: tabbacin cewa gurbin shi ne gurbin, da gaskiyar masu kula da wurin wajen bambance wa baƙo abin da yake na asali, da abin da aka sake ginawa, da abin da aka ƙiyasta. Al'ummar da ta gaji ilimin isnadi ba ta da uzurin yin sakaci a nan. Malamanmu ba su karɓi magana don daɗinta ba, sai sun ji wa ya faɗa, daga wa ya ji, kuma sun ware ingantacciya da mai rauni ba tare da sun jefar da mai raunin a bola ba. Suna rubuta ta, su sa mata alamarta. Wurare ma suna da irin wannan matsayi, sai dai mu ba mu saba tambayarsu ba.

Akwai wata al'umma a nesa da ta daɗe tana kokawa da wannan batu a bainar jama'a, kuma darasinta yana da amfani ko da aƙidarta ta yi hannun riga da tamu. Ita ce ɗariƙar Kiristocin da ake kira Mormon, wadda Joseph Smith ya kafa a jihar New York ta Amurka a 1830, kuma a yau take da manyan ɗakunan ibada a Accra tun 2004 da Aba tun 2005. Tarihinta na farko tarihin ƙaura ne: daga New York zuwa Ohio, zuwa Missouri, zuwa Illinois, inda aka kashe Smith a kurkukun Carthage ranar 27 ga Yuni 1844, sannan mafi yawan mabiyansa suka nausa yamma zuwa Utah. Duk inda suka tashi sun bar gidaje da gonaki a hannun wasu. Da jikokinsu suka yi ƙarfi suka dawo suna sayen wuraren, sai suka tarar ba iri ɗaya ba ne. Ɗakin ibadar Kirtland da aka keɓe a 1836 yana nan tsaye da jikinsa na asali, ya daɗe a hannun wani reshe na ɗariƙar, sai a Maris 2024 babban cocin ya saye shi tare da wasu gidaje da takardu a kan dala miliyan 192.5. Na Nauvoo kuwa, wanda aka kammala a 1846, wuta ta ci shi a 1848, guguwa ta ƙarasa abin da ya rage a 1850, mutanen gari suka kwashe duwatsun suka yi gini da su. Wanda masu ziyara ke gani a yau an buɗe shi ne a 2002, a kan gurbin na da, da kamannin na da daga waje. Gidan gungume na iyayen Smith a Palmyra ya ɓace tun da daɗewa. Masu binciken kufai suka tona wurin a 1982 suka gano alamun inda ya zauna, aka gina kwaikwayonsa aka buɗe a 1998.

Har zuwa nan lamarin da sauƙi, domin gurbi ya tabbata ko da gini sabo ne. Inda aka sha wuya shi ne wuraren da gurbin kansa yake da magana. Kurmin da Smith ya ce a cikinsa ya ga wahayinsa na farko a 1820 yana cikin gonar iyayensa, dubban mutane suna shiga kowace shekara, amma babu wanda ya san a gindin wace bishiya ya durƙusa, kuma cocin ba ya da'awar ya sani. Haka nan ranar kafuwar cocin, 6 ga Afrilu 1830: tarihin da cocin ya riƙe ya ce a garin Fayette aka yi taron, a gidan Peter Whitmer, har aka gina kwaikwayon gidan a 1980 don cikar shekara 150, amma wasu daga cikin takardun farko da aka buga sun ambaci Manchester, masana suka yi ta muhawara a kai. Abin lura shi ne yadda aka bi da saɓanin daga baya. An buga takardun Smith cikin mujalladai 27, aikin da aka kammala bugawa a 2023, har da ruwayoyinsa mabambanta na wahayin farko, na 1832 da 1835 da 1838 da 1842, kowa ya karanta ya gwada. Ba da son rai kaɗai aka kai ga haka ba. A shekarun 1980 wani ɗan damfara, Mark Hofmann, ya yi ta ƙirƙirar tsofaffin takardu yana sayar wa cocin da masu tara kayan tarihi, da asirinsa ya kusa tonuwa ya kashe mutum biyu da bam a 1985. Duk al'ummar da take ƙishirwar kayan tarihi amma ba ta tantancewa, ta buɗe wa irinsa kasuwa.

Mu ma muna da tarihin da ya fara da wa'azi, ya bi ta hijira, ya bar wurare a warwatse tsakanin ƙasashe biyu. An haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Maratta a 1754, a ƙasar Gobir, wurin da yanzu yake cikin Jamhuriyar Nijar. Ya yi zaman karantarwa a Degel, ya yi hijira zuwa Gudu a Fabrairun 1804, a can jama'a suka yi masa mubaya'a. Aka gwabza a Tabkin Kwatto a Yunin shekarar, aka sha kashi a Tsuntsuwa a ƙarshenta, Alƙalawa ta faɗi a 1808. Shehu ya zauna a Sifawa 'yan shekaru, ya koma Sakkwato a 1815, ya rasu a 1817, aka rufe shi a gidansa, wurin da ake kira Hubbare. Ɗansa Muhammadu Bello ya rasu a Wurno a 1837, kabarinsa yana can. Kabarin Abdullahi, ƙanen Shehu, kuma yana Gwandu. Idan aka ɗora waɗannan wurare a kan ma'auni, za a ga ba su da nauyi ɗaya. Hubbare shi ne mafi ƙarfin isnadi: tun ranar da aka rufe Shehu ba a taɓa barin wurin ba, zuriya tana kula da shi, masu ziyara ba su yanke ba, an rufe wasu daga cikin iyalinsa da magadansa a kusa. Ginin da ake gani a yau na siminti ne, na zamani, kuma wannan bai rage wa gurbin komai ba. Degel da Sifawa da Gudu garuruwa ne da aka san su, Bello ya ambaci tafiyar jama'a a Infaƙul Maisuri, Abdullahi ya ambata a Tazyinul Waraƙati, duka biyun an rubuta su ne Shehu yana da rai. Amma sanin gari daban, sanin taƙamaiman inda zauren karatu yake ko inuwar da aka yi mubaya'a daban. Wannan mataki na biyu ya dogara ne da ruwayar baka ta mutanen wurin, kuma ginin laka da aka bari ba yaɓe damina kaɗan ke mayar da shi tudu. Ruwayar baka ba ƙarya ba ce, Waziri Junaidu da ya rasu a 1997 ya nuna irin taskar da ke cikinta, kuma da taimakonsa Murray Last ya rubuta littafinsa na 1967 a kan Daular Sakkwato. Abin da ake bukata shi ne a faɗa wa mai ziyara wane ne ya nuna wurin, daga wa ya ji, kuma yaushe aka fara rubuta hakan.

Za a ce wannan ma'auni na Turawa ne, masu ginin dutse, kuma idan aka bi shi babu abin da zai tsira a ƙasar da ake gini da laka. Maganar tana da tushe. Yarjejeniyar Venice ta 1964 ta ɗora nauyi mai yawa a kan kayan ginin asali, tana ƙyamar sake gini bisa ƙiyasi. Amma duniya ta riga ta gyara wannan fahimta, kuma ba don mu aka fara ba. Japanawa suna da wurin ibada a Ise da suke rushewa su sake ginawa duk bayan shekara 20, na baya-bayan nan a 2013, kuma a ƙasarsu aka zauna a Nara a 1994 aka amince cewa inganci yana iya kasancewa a gurbi, da fasali, da sana'ar magina, da amfanin da ake yi da wuri. A arewacin Togo akwai Koutammakou, ƙasar Batammariba masu gidajen laka masu kama da hasumiya, wadda UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya a 2004. Ba tsufan bango ne ya kai ta can ba, ana ta gina sababbi ana gyara tsofaffi. Abin da aka karrama shi ne al'adar da ba ta yanke ba. Babban masallacin Jenne a Mali ginin 1907 ne a gurbin na da, kowace shekara mutanen gari suna fita yaɓe. Hasumiyar Agadas an kafa ta a 1515, aka sake gina ta a 1844, kuma tsohon garin ya shiga jerin a 2013. Hubbarorin waliyyan Tumbuktu da aka rusa a 2012 maginan garin ne suka tayar da su a 2015, da hotuna da awo da ilimin da suka gada. Saboda haka sake gini ba ya kashe inganci. Abin da ke kashe shi shi ne sake gini a ɓoye, ko a canja fasali da kayan aiki a ci gaba da kiran abin da tsohon kwanan wata.

A nan ne laifinmu yake, kuma ya kamata a faɗe shi. Babban masallacin Kano yana da tarihin da ya kai zamanin Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, amma ginin da ke tsaye an yi shi ne a tsakiyar ƙarni na 20 bayan an rushe na laka, kuma bai yi kama da shi ba ko kaɗan. Duk wanda ya ce wa baƙo wannan gini ya shekara ɗari biyar ya yaudare shi, ko da da kyakkyawar niyya. Zazzagawa sun fi dacewa: masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu, cikin ƙarni na 19, an rasa wani ɓangarensa lokacin faɗaɗawa a shekarun 1970, amma an bar zuciyar ginin da bakunansa na laka a cikin sabon rufi, mai ido yana iya ganin inda aikin Gwani ya tsaya da inda na 'yan kwangila ya fara. Badalar Kano kuma, wadda aka sa a jerin jiran UNESCO tun 2007, kullum ana gutsurarta, ana ɗibar ƙasarta ana gina shaguna a kanta, yayin da ake ƙawata ƙofofi da siminti da fenti. Ƙofa mai ƙyalli a jikin ganuwar da ta ɓace ba ta gaya wa yaro komai game da girman birnin da kakanninsa suka kewaye da hannu.

Ƙalubale na biyu ya fi nauyi, domin daga addini ya fito. Akwai malamai da ke ganin kula da irin waɗannan wurare ƙofa ce ta bidi'a, daga ziyara sai shafar bango, daga shafar bango sai roƙon mamaci. Suna kafa hujja da ruwayar da ta ce Sayyidina Umar ya sa an sare bishiyar da mutane suka riƙa zuwa yin salla a gindinta da sunan ita ce ta mubaya'ar Ridwan, kuma a Hijaz an bi wannan fahimta har aka rushe ƙubbobin Baƙi'a a tsakiyar shekarun 1920. Shehu da kansa ya rubuta Ihya'us Sunna don yaƙar bidi'a, ba za a ce almajiransa su yi wasa da gargaɗin ba. Sai dai a dubi wata ruwayar da ke cikin Bukhari, ta Sa'idu bin Musayyab daga mahaifinsa wanda ya halarci mubaya'ar: da suka koma a shekara ta gaba, sahabban kansu ba su iya tantance bishiyar ba. Wato mutanen da suka zo daga baya suna girmama wurin da ba su da tabbas a kansa. Wannan hujja ce a gare mu, ba a kanmu ba. Camfi ya fi samun gindin zama a inda babu bayani, inda mai gadi ke ƙara gishiri don a ƙara masa sadaka. Allon da ya ce a wannan gari Shehu ya karantar, wannan ɗaki kuma an gina shi a shekara kaza don tunawa, yana mayar da hankalin mai ziyara daga ƙasa zuwa karatu. Mai tsoron shirka da mai son tarihi za su iya haɗuwa a kan wannan allo, ko da sun rabu a kan hukuncin ziyara.

Wasu kuma daga ɗaya ɓangaren za su ce tantancewa tana rage albarka, a bar talaka da yaƙininsa, me zai ƙaru da shi idan aka ce masa ba a tabbatar ba? Wannan raina hankalin mutane ne. Manomin da ya yi tattaki daga Maraɗi zuwa Sakkwato ya san bambancin gani da ji, yana amfani da shi kullum a kasuwa da gaban alƙali. Kuma yaƙinin da aka gina a kan ƙari yana rushewa gaba ɗaya ranar da ɗansa ya buɗe waya ya ga hoton wurin na shekara sittin da suka wuce, babu ginin da aka ce masa na Shehu ne. Daga nan sai ya fara shakkar har abin da yake tabbatacce.

Hausawan zango sun fi kowa bukatar wannan tarbiyya, saboda su baƙi ne a ƙasar da suke, filin ba nasu ba ne a takarda, kuma hukuma tana iya tashinsu da sanarwa ɗaya. Misalin Kete-Krachi, da ke Ghana a yau, ya isa. Garin yana cikin Togo ta Jamus kafin a raba ta, kuma can fataken Salaga suka kwarara bayan yaƙin basasar 1892. Cikinsu har da Alhaji Umaru, haifaffen Kano a 1858, wanda ya zama limamin garin har rasuwarsa a 1934. Da aka datse kogin Volta a Akosombo a shekarun 1960, ruwa ya cinye tsohon garin, aka kafa sabo a kan tudu. Lungunan da malamin ya taka suna ƙarƙashin tabki, ba mai sake ganinsu. Amma mun san zamaninsa fiye da na garuruwa da yawa da ke tsaye, domin ya rubuta, da Larabci da ajami, kuma wani jami'in Jamus, Adam Mischlich, ya karɓi rubuce-rubucensa na Hausa a kan tarihi da sana'o'i da zaman jama'a, aka adana su, masana suka buga su daga baya. Inda gurbi ya salwanta, rubutu ne kaɗai ke tsayawa a madadinsa.

Tsohon Zangon Lome bai nutse ba, yana nan a ƙarƙashin kwalta da benaye, kuma kayan tabbatar da shi suna da yawa idan aka kwatanta da Degel ko Gudu. Akwai taswirorin birnin na zamanin Jamus da na Faransa, akwai takardun Jamusawa a ma'ajiyar tarihi ta ƙasar Togo, akwai aikin Agier, akwai hirarrakin da Yves Marguerat ya tattara daga bakin dattawan Lome aka buga su a shekarun 1990. Abin da ke shirin kuɓucewa shi ne shaidun ido. Aikin ba ya bukatar kuɗin da Mormon suka kashe. Limaman Hédzranawoé da na Agoè-Zongo da sarakunan Hausawa za su iya zaunar da dattawa maza da mata, kowa shi kaɗai don kada bakinsu ya zo ɗaya saboda kunya, a shimfiɗa musu taswirar yau, a ce Baba, ina masallaci yake daga nan, Hajiya, ina rijiya, ina gidan mai masauki wane, ina mahauta. A rubuta sunan mai magana da shekarunsa da gidan da ya tashi, a naɗi muryarsa da waya. Inda mutum biyar suka dace ba tare da sun ji juna ba, kuma tsohuwar taswira ta goyi bayansu, a rubuta tabbatacce ne. Inda suka saɓa, a rubuta duka maganganun a bar su a haka, kada wani mai faɗa a ji ya zaɓi wadda ta fi ɗaukaka gidansu, domin rigimar wa ya fara zuwa ita ce ta fi lalata tarihin zango daga Kumasi har Kwatano. Mata su ne za su fi tuna ciki da bayan unguwa, gidajen tuwo da na haihuwa da makarantun allo na cikin gida, don haka kada a tsaya a zaure. Kwafi ɗaya ya zauna a masallaci, ɗaya a jami'ar Lome, sannan a nemi izinin hukumar birni a kafa ƙaramin allo a bakin titi, da Faransanci da Ewe da Hausa, mai ɗauke da shekarar da aka tashi Zango da sunayen waɗanda suka nuna gurbin.